Kayan Aikin Masu Tsara Shafukan Intanet, Jiya da Yau

A shekarar 1991, lokacin da Tim Berners-Lee ya buɗe shafin intanet na farko a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, babu wata sana'a wai ita tsara shafi. Rubutu ne zalla, sai 'yan kalmomin da ake latsawa su kai mutum wani shafin. Don masana kimiyya aka yi shi, su kuwa ba ruwansu da ado.

Ado ya shigo ne da burauzar Mosaic a 1993, wadda ta nuna hoto a tsakiyar rubutu. Nan da nan kamfanoni suka so shafinsu ya yi kama da tallar mujalla, alhali harshen HTML ba don haka aka ƙirƙiro shi ba. Sai masu sana'ar suka koma dabara. Jadawalin da aka tanada don jera alƙaluma suka ɗauka, suka ɓoye layukansa, suna cusa wani cikin wani har shafi ya tsaya yadda suke so. In ana neman tazara tsakanin hoto da rubutu, sai a saka wani ɗan hoto marar launi mai girman ɗigo ɗaya, a ja shi ya cike gurbin. Littafin David Siegel na 1996 ya yaɗa wannan salo sosai. Daga waje abin gwanin kyau, amma duk wanda ya gaji irin wannan shafi don gyara sai ya dafe kai.

Maganin yana nan tun 1994, da Håkon Wium Lie ya kawo shawarar CSS domin a raba ado da rubutu. Ya daɗe bai karɓu ba, saboda burauzar Netscape da ta Internet Explorer kowace da irin karatun da take yi masa.

A wannan tsakani Flash ya ci kasuwa. Macromedia ta fito da shi a 1996, ya ba mai zane abin da HTML ya hana shi: motsi, sauti, wasanni, bidiyo. YouTube ma da shi ya fara. Mutane da yawa suka gina sana'arsu kacokan a kansa, har Adobe ta sayi Macromedia a 2005. Sai iPhone ta fito a 2007 ba tare da shi ba. A Afrilun 2010 Steve Jobs ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zargin Flash da cin batir da raunin tsaro, kuma ranar 31 ga Disamban 2020 Adobe da kanta ta janye hannu daga gare shi. Gwanayen da ba su iya komai ba sai Flash suka koma ɗalibai da furfurarsu. Waɗanda suka riƙe HTML da CSS, duk da ana yi musu kallon 'yan gargajiya, su suka tsira da jarinsu.

Wayar hannu ta kuma rusa tsohon tsarin aiki. Da, a Photoshop ake zana shafi da faɗi ƙayyadadde, a yanka shi gunduwa-gunduwa a miƙa wa mai rubuta lambobi. A 2010 Ethan Marcotte ya bayyana yadda shafi ɗaya zai riƙa miƙewa yana tsukewa daidai da allon da ya samu kansa. Manhajar Figma ta biyo baya a 2016, inda mutane da dama ke zane ɗaya lokaci guda a cikin burauza. Adobe ta taya ta dala biliyan 20 a 2022, cinikin ya wargaje a ƙarshen 2023 bayan hukumomin Turai da Birtaniya sun sa ido.

Akwai abin da har yau sabbin manhajojin ba sa yi wa mai tsara shafin Hausa. Salon haruffa da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai burauza ta aro su daga wani salon, kalma ta fito da harafi ɗaya a karkace ko ya fi 'yan'uwansa kauri. Kafin ka miƙa aiki, rubuta "ƙwaƙwalwa" da "ɗaɗɗaya" a shafin, ka buɗe shi a ƙaramar wayar Android ka duba.