Yadda Iyayen Holan Suka Ƙwato Titi Daga Hannun Mota

A shekarar 1954, shugaban 'yan sandan birnin Amsterdam, Hendrik Kaasjager, ya kawo shawarar da yake ganin ita ce maganin cunkoson motoci: a cike wasu daga cikin tsofaffin hanyoyin ruwan da kakanni suka haƙa a tsakiyar birnin, a shimfiɗa kwalta a kansu. Da maganar ta fito a jarida jama'a suka yi caa, aka ajiye ta. Sai dai tunanin da ya haife ta bai kwanta ba. A 1967 wani masanin tsara birane ɗan Amurka, David Jokinen, ya fito da zanen da ya fi na Kaasjager tsauri, inda manyan tituna masu layi shida za su kutsa har bakin tsohon gari, a rushe unguwannin ma'aikata irin su De Pijp don a ba su wuri. A wancan lokacin ba a ɗauki masu irin wannan ra'ayi a matsayin mahaukata ba. Su ne 'yan zamani, su ne masu hangen nesa.

Wannan tarihi yana da kyau a tuna da shi, domin mutane da yawa sun ɗauka cewa da keke aka haifi mutanen Holan, ko kuma shimfiɗaɗɗiyar ƙasarsu marar tsaunuka ce kaɗai ta ɗora su a kan feda. Gaskiya ne kafin Yaƙin Duniya na Biyu keke ne ke ɗaukar yawancin mutanen birane zuwa aiki, har gwamnati ta riƙa karɓar harajinsa daga 1924 zuwa 1941. Amma bayan yaƙi arziki ya shigo, albashi ya ƙaru, aka gano iskar gas mai yawa a lardin Groningen a 1959. Motoci suka tashi daga kusan rabin miliyan a 1960 zuwa kusan miliyan biyu da rabi a 1970. Aka faɗaɗa tituna, aka mai da dandalin kasuwanni wuraren ajiye mota, wasu hanyoyin keke ma aka haɗe su da titi. Ƙasar dai tana nan a shimfiɗe yadda take, amma masu hawa keke suna ta raguwa shekara bayan shekara.

Farashin wannan ci gaba jini ne. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a haɗarin hanya, cikinsu akwai yara fiye da 400, a ƙasar da mutanenta kimanin miliyan 13 ne kawai. Ɗaya daga cikin yaran nan ɗiyar wani ɗan jarida ce mai suna Vic Langenhoff, wadda mota ta buge tana kan kekenta. A 1972 ya rubuta wani dogon sharhi a jaridar De Tijd yana kiran a kafa ƙungiyar matsa wa hukuma lamba, ya kuma ba ta suna mai zafi: Stop de Kindermoord, wato a daina kisan yara. Iyaye mata ne suka fi rungumar kiran. Wata matashiyar uwa a Amsterdam, Maartje van Putten, ta zama shugabar ƙungiyar ta farko, daga baya kuma ta yi wakilci a Majalisar Tarayyar Turai.

Salon gwagwarmayarsu abin sha'awa ne. Sukan je daidai wurin da aka saba yin haɗari su tsaya su tare hanya. Sukan rufe layin unguwa na yini guda, su fito da tebura da kujeru tsakiyar titi, yara su yi wasansu, maƙwabta su ci abinci tare, direbobi na ta fushi da danna ham. A De Pijp, unguwar da aka so rushewa, yaran firamare da kansu suka jawo shinge suka datse layinsu a 1972, har gidan talabijin ya ɗauki fim ɗinsu suna muhawara da manya. Wata rana 'yan ƙungiyar suka hau kekuna suka nufi gidan firaminista Joop den Uyl suna waƙe-waƙe, shi kuma ya fito ya saurare su. Tura ta kai bango, kuma babu ɗan siyasar da zai iya tsayawa gaban uwar da ta binne ɗanta ya ce mata saurin mota ya fi muhimmanci.

Akwai wani rukunin masu bore a gefe. Tun 1965 matasan ƙungiyar Provo suka shafa wa wasu kekuna farin fenti suka bar su a titi ba kulle, wai kowa ya hau kyauta ya ajiye wa na gaba. 'Yan sanda suka kwashe su. A unguwar Nieuwmarkt ta Amsterdam kuwa, mazauna sun yi shekaru suna faɗa da rusau. Titin mai layi huɗu da aka shirya ratsawa ta cikinta ya faɗi a majalisar birni a 1972 da bambancin ƙuri'a ɗaya tak.

Sai kuma man fetur ya shigo cikin maganar. Bayan yaƙin Oktoban 1973 tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sa wa Holan takunkumi saboda goyon bayan da take ba Isra'ila. Gwamnatin Den Uyl ta hana fita da mota ranar Lahadi, tun daga 4 ga Nuwamban 1973 har zuwa farkon Janairun 1974. Manyan titunan da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu suka koma filin wasa, wasu a kan keke, wasu a kan doki, yara da takalma masu taya. Mutane suka ga garinsu ba hayaƙi ba ƙara, abin da matasansu ba su taɓa gani ba. Tashin farashin man da ya girgiza Holan shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya a shekarun nan, lokacin da ma'aikata da dama suka jingine kekunansu na Raleigh suka koma babur da mota. Guguwa ɗaya ce, amma kowace ƙasa da inda ta tura ta.

Abin da ya bambanta Holan da sauran ƙasashen da su ma suka ɗanɗana ƙarancin mai shi ne, da man ya dawo ba a koma gidan jiya ba. Fushin iyaye ya samu masu zane da injiniyoyin da suka mai da shi siminti da tubali. A birnin Delft, tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara gwada wani irin layin unguwa da suke kira woonerf. Babu dakalin da ya raba mai tafiya a ƙasa da mai mota. Ana shimfiɗa tubali a maimakon kwalta, a dasa bishiya a inda za ta tilasta wa direba karkata, a sa benci da tukwanen furanni da wurin wasan yara. Mota na iya shiga, amma da tafiyar ƙafa, kamar baƙon da ya shigo tsakar gidan mutane. A 1976 gwamnati ta sa wannan tsari cikin dokar hanya. Shekara guda kafin nan aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa, wadda yanzu ake kira Fietsersbond, kuma gwamnati ta biya kuɗin gwajin keɓantattun hanyoyin keke a Tilburg da Hague. Darasin da aka koya a nan, wanda Delft ta ɗauka daga 1979, shi ne hanya ɗaya mai kyau ba ta isa ba. Sai hanyoyin sun haɗu sun zama raga, yadda mutum zai fita daga ƙofar gidansa ya kai makaranta ko kasuwa ko asibiti ba tare da an jefa shi cikin motoci a tsakiyar tafiya ba.

Birnin Groningen ne ya fi kowa ƙarfin hali. Wani matashin ɗan siyasa mai kula da harkar tsara gari, Max van den Berg, da abokan aikinsa suka raba tsakiyar birnin gida huɗu. Mai tafiya a ƙasa da mai keke da bas suna iya tsallakawa daga wani yanki zuwa wani kai tsaye, amma mai mota sai ya fita titin zobe ya zagayo. Masu shaguna suka tayar da jijiyar wuya, suna cewa ciniki zai mutu. A dare ɗaya cikin Satumban 1977 aka kafa sababbin alamun hanya, gari ya waye da sabon tsari. Kasuwa ba ta mutu ba, kuma yau fiye da rabin zirga-zirgar cikin birnin a kan keke ake yin ta.

Houten, kusa da Utrecht, ƙaramin ƙauye ne da gwamnati ta zaɓa a 1966 don ya zama sabon gari. Mai zanensa, Rob Derks, ya juya tsarin da aka saba: ya fara da hanyoyin ƙafa da na keke da filayen ciyawa, ya jera makarantu a bakinsu, ya sa tashar jirgin ƙasa a tsakiya, sannan ya kewaye garin da titin mota. Kowace unguwa tana da ƙofarta daga titin zoben, amma babu hanyar mota daga wata unguwa zuwa maƙwabciyarta. Mutanen Houten, su kusan 50,000, suna da motocinsu kamar kowa. Abin da ya faru shi ne, zuwa cefane ko kai yaro makaranta ya fi sauri a kan keke, don haka keken ake ɗauka.

A duk wannan tafiya, da wuya ka ji wanda ya yi maganar motsa jiki. Rayukan yara ake nema a tsare, da unguwannin da ake so a hana rushewa, da man da ake so a rage sha. Lafiyar jiki ta biyo baya ne da kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan duniya ba sa kaiwa. Wani bincike da masana a Jami'ar Utrecht suka wallafa a 2015 ya gano cewa babban mutum a Holan yana yin kimanin minti 74 a mako a kan keke, kuma wannan yana hana mutuwar mutum kusan 6,500 a kowace shekara, yana ƙara wa jama'a kimanin wata shida na tsawon rai. Kusan rabin abin da likita ke nema ke nan, an same shi a hanyar aiki da kasuwa da ziyarar dangi, ba kuɗin gidan motsa jiki, ba neman lokaci na musamman. Wannan shi ne ya sa tsarin ya kai ga waɗanda wa'azin lafiya ba ya kaiwa gare su: mai aiki biyu, uwa mai goyo, tsohon da ya daina tuƙi, yaro ɗan shekara goma da ke zuwa makaranta shi kaɗai. Masu keken guragu da ƙananan kekunan lantarki na naƙasassu ma a kan hanyoyin nan suke tafiya.

Daga shekarun 1990 aka mai da wannan tunani manufar ƙasa baki ɗaya, a kan ginshiƙin cewa ɗan Adam mai kuskure ne, don haka titi ne ya kamata a gina yadda kuskure ba zai zama ajali ba. Aka rage gudu a yawancin unguwanni zuwa kilomita 30 a awa, aka raba keke da mota a duk inda gudu ya fi haka. Yau ƙasar tana da hanyoyin keke na kimanin kilomita 35,000, kekunanta sun fi mutanenta yawa, kuma fiye da rubu'in duk tafiye-tafiye a kansu ake yi. A tashar jirgin Utrecht akwai ma'ajiyar da ke ɗaukar keke 12,500. A wannan birnin ne kuma aka fasa wani babban titi da aka gina a kan tsohuwar hanyar ruwa a shekarun 1970, aka mayar da ruwan a 2020.

Aikin bai ƙare ba. Masu mutuwa a hanya sun ragu zuwa tsakanin 600 da 750 a shekara duk da ƙaruwar jama'a da motoci, yara a cikinsu kuma kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da 1971. Amma yanzu tsofaffi ne ke kan gaba a cikin masu keken da ke rasa rayukansu, musamman da keken lantarki ya ba su damar yin nisa da sauri, jiki kuma ba ya jure faɗuwa. A manyan birane, mata da yawa 'yan asalin Maroko da Turkiyya ba su tashi da keke ba, sai da ƙungiyoyin unguwa suka buɗe musu azuzuwan koyo. Hanyoyin da aka zana shekara arba'in da suka wuce sun yi wa masu bin su kaɗan. A watan Disamban 2023 Amsterdam ta sake rage gudu zuwa kilomita 30 a awa a kan kusan kashi 80 cikin ɗari na titunanta, har da manyan hanyoyin da a da aka bar wa mota ta yi 50.