Wasiƙa daga Ingila: Giya da dokar titi a Dubai

Ni dai alhamdulillahi na dawo makaranta, na tarar da sanyi da tulin karatu suna jira na, shi ya sa kuka ji ni shiru.

A hanyata ta dawowa na yada zango na kwana uku a Dubai, a unguwar Deira inda 'yan kasuwarmu suke sauka. Kun san autanmu ya samu aikin gadi a wani otal a can, kuma kafin in baro gida na bar Inna da Kawu suna ja-in-ja. Inna ta ji an ce garin mashaya ne, hankalinta ya tashi. Kawu kuwa ya ce ƙasar Larabawa ce, ko warin giya ba a ji. To, kowannensu yana da rabin gaskiya. A otal ɗin da na sauka akwai mashaya a ƙasa, amma kwana ukun nan ban ga ko mutum ɗaya riƙe da kwalba a titi ba. Da yake tarihi nake karantawa, da na dawo sai na bi diddigin abin.

A 1966 aka gano man fetur a Dubai, zamanin Sheikh Rashid bin Sa'id, wanda ya yi mulki daga 1958 zuwa 1990. Baƙi suka yi ta kwarara, Turawa da Indiyawa da sauransu. A watan Disamba na 1971 aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a 1972 kuma Dubai ta yi dokarta ta giya. Dokar ta raba mutane biyu ne: Musulmi an hana shi, wanda ba Musulmi ba sai ya nemi lasisi kafin ya saya ya kai gida. Daga baya har ta kai sai mutum ya nuna cewa albashinsa ya kai dirhami 3,000 a wata, ya kuma kawo takardar amincewar inda yake aiki. Titi kuwa, da bakin teku da wuraren shan iska, an haramta wa kowa.

Kowace masarauta da tsarinta. Sharja, wadda ke manne da Dubai har ba ka gane iyakarsu, ta hana giya gaba ɗaya tun 1985. Ita Dubai ta zaɓi otal-otal da 'yan yawon buɗe ido. Sai aka samu wani yanayi mai ruɗarwa: baƙo zai sha a otal babu mai tambayarsa lasisi, amma da zarar ya fito ya yi faɗa da direban tasi, ko ya yi hatsari, sai laifin shan giya ya hau kan tuhumar. Sai a 2019 aka fara ba 'yan yawon buɗe ido lasisin kwana 30.

Babban sauyi ya zo a watan Nuwamba na 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta cire hukunci a kan wanda ya kai shekara 21 in ya sha a wurin da aka amince. Sabon kundin laifuffuka da ya fara aiki a Janairun 2022 ya tabbatar da haka, amma ya bar hukuncin ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya sha a bainar jama'a, ko aka same shi a buge yana damun mutane. A farkon 2023 Dubai ta janye harajin kashi 30 cikin ɗari da ke kan giya, lasisi ya zama kyauta. A farkon 2025 ta maido da harajin. Kun ga a shekara hamsin an sassauta kusan komai, ban da titi. A da, doka tana fara tambayar wane ne kai. Yanzu abin da ya fi damunta shi ne a ina kake.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne mu ma mun taɓa zama a ƙarƙashin irin wannan tsari. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Birasels cewa ba za a shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. A kan haka Gwamna Lugga ya sa Arewa cikin yankin hani, dokar giya ta 1917 kuma ta ƙara ɗaure abin. Amma Bature yana da izinin shigo da tasa, ya sha a kulob ɗinsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwalabe suka riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya, daga baya Sabon Gari ya zama inda kowa ya san ana sayarwa. Ko bayan da Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, har Hisba ta farfasa kwalabe 240,000 a Nuwamban 2013, gardamar dai ba ta wuce ta wuri ba: ina aka yarda, ina aka hana.

Kawu, ga wani abin da zai ba ku dariya. Kamfanoni biyu ne suka daɗe suna riƙe da kantunan giya a Dubai, MMI da African + Eastern. Sunan na biyun ya samo asali ne daga African and Eastern Trade Corporation, wanda ya haɗe da Niger Company a 1929 aka samu UAC, wato kamfanin da ya yi ta sayen gyaɗar kakanninmu a Kano.

Nan Ingila ma ba a bar titi haka nan ba. Tun 1872 akwai dokar da ta ce laifi ne a sami mutum a buge a kan hanya, kuma har yau ba a soke ta ba, ko da yake duk wanda ya fita daren Juma'a zai ɗauka babu ita. A Landan an hana sha a motocin bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun Yunin 2008, ƙananan hukumomi kuma suna da ikon ware unguwannin da ɗan sanda zai iya karɓe kwalbar mutum. Waɗanda na fi gani ana karɓe wa, marasa gida ne da ke kwana a bakin kantuna.

To a nan ne damuwata take. Dokar da ta hana sha a waje, nauyinta yana faɗawa ne a kan wanda ba shi da ɗakin kansa. A Dubai kusan mutum tara cikin goma baƙi ne. Mai kuɗi zai shiga otal, in ya gama tasi ta ɗauke shi daga ƙofa zuwa ƙofa. Lebura da ke kwana da mutum shida ko takwas a ɗaki ɗaya a Sonapur ko Al Quoz, wanda albashinsa bai taɓa kai na lasisi ba, shi ne zai sayi ta bayan fage ya zauna a bayan gini. In an kama shi ba tara kawai ba ce, baƙo yana iya rasa aikinsa, a kuma maido shi gida.

Saboda haka auta, na san ba ka sha, kuma ba zarginka nake yi ba. Amma kada ka riƙe wa kowa leda ba ka san abin da ke ciki ba. Kada ka zauna a majalisar da ake sha a fili, ko da lemo ne a hannunka. Kada ka shiga motar wanda ya sha, domin a can ba a yarda direba ya sha ko kurɓi ɗaya ba. In baƙon otal ya bugu yana neman rigima, kira manajanka, kada ka sa masa hannu. Ka tuna gonar da aka jinginar kafin a haɗa kuɗin bizarka.

Inna, ki kwantar da hankalinki, ki ci gaba da yi masa addu'a. A gaida su Yaya da yara, a kuma ce wa Kawu yajin da ya ba ni ya iso lafiya. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku a kullum.