Tarihin Lissafin Sa'a da Yadda Za Mu Koya wa Yara Shi

Kowa ya san wuri. Idan ka jefa wuri ɗaya, ko ya faɗi baki sama, ko ya kife. Babu mai iya gaya maka wanda za a samu kafin ya taɓa ƙasa. Amma idan aka jefa shi sau ɗari ko sau dubu ana ƙirgawa, sai wani tsari ya fito fili. Sanin wannan tsari shi ake kira lissafin sa'a. Kada ku ɗauka duba ne. Gaibu sai Allah. Wannan ƙirga ce kawai, kamar ta mai awon hatsi.

Mafarin abin

Tun zamanin da, mutanen Misira da na Rum suna wasa da ƙashin idon sawu na tumaki da awaki. Suna jefawa, suna duba gefen da ya faɗi. Daga baya aka sassaƙa ɗan ƙashi mai fuska shida, irin wanda ake wasan lido da shi. Shekaru dubbai ana jefawa, ana ci, ana asara, ba a san yadda za a lissafa sa'ar ba.

Wani likita na ƙasar Italiya mai suna Kardano, wanda aka haifa a 1501, ya daɗe caca tana cin dukiyarsa. Sai ya zauna ya rubuta littafi a kanta. Ya nuna cewa idan ƙashin mai fuska shida ba shi da aibi, kowace fuska tana da rabo ɗaya cikin shida. Ya mutu a 1576, ba a buga littafin ba sai a 1663.

Rabon da ya kawo gardama

A 1654, a Faransa, wani mai son caca ya kai wa wani masani mai suna Faskal wata tambaya. Faskal ya rubuta wasiƙa zuwa ga Ferma, wani alƙali na garin Tuluz wanda ya gwanance a lissafi. Ga tambayar, mun mayar da ita kuɗinmu.

Mutum biyu suna wasa. Kowa ya ajiye dala 20, kuɗi sun zama dala 40. Wanda ya riga cin wasa uku shi zai kwashe duka. Na farko ya ci biyu, na biyu ya ci ɗaya, sai aka tashe su. To, yaya za a raba kuɗin?

Wani zai ce a raba daidai. Wani zai ce a ba na farko duka. Faskal ya ce a duba abin da zai faru da an ƙara wasa ɗaya. In na farko ya ci, dala 40 nasa ne. In an cinye shi, sun yi biyu da biyu, kowa ya ɗauki dala 20. Ashe ko ta yaya, dala 20 suna hannun na farko. Sauran 20 ɗin ne ake shakka, ko ya samu ko ya rasa, sai a raba su biyu. Na farko ya tashi da dala 30, na biyu da dala 10. Ferma ya bi wata hanya dabam, ya iske amsa guda. Daga waɗannan wasiƙu ne masana suke ƙirga mafarin wannan ilimi.

Tulu da tsakuwa

Bayansu sai Barnuli, mutumin ƙasar Suwis. A littafinsa da aka buga a 1713, shekara takwas bayan mutuwarsa, ya kawo misalin tulu mai farar tsakuwa 3.000 da baƙa 2.000. Kai ba ka san yawansu ba. Kana sa hannu ka ɗauko ɗaya, ka duba, ka mayar. Barnuli ya tabbatar da cewa in ka yawaita ɗauka, ƙirgarka za ta matso kusa da gaskiya, wato fara uku, baƙa biyu cikin kowace biyar.

Wasu sun gwada da hannunsu. Bufon, wani masanin Faransa, ya sa wani yaro jefa kuɗin ƙarfe. Cikin jifa 4.040, gefe ɗaya ya fito sau 2.048. An buga labarin a 1777. Haka kuma Kerik, malamin lissafi daga Afirka ta Kudu, yaƙin duniya na biyu ya rutsa da shi a Danmak a 1940, aka tsare shi. Yana tsare ya jefa kuɗi sau 10.000. Gefe ɗaya ya fito sau 5.067. Kun gani, bai zama rabi cif ba, amma ya yi kusa ƙwarai.

Yara fa?

A 1951, wasu masana biyu na Suwis, Piyaje da Inelda, sun buga littafi kan yadda yara suke gane sa'a. Sun jera ƴan ƙwallaye ja da farare cikin faranti, kowane launi a gefensa, suna karkata shi har suka gauraye. Yara ƙanana da yawa sun zaci ƙwallayen za su koma jerinsu na farko. Sai wajen shekara bakwai yaro yake fara rarrabe abin da ya zama dole da abin da yake mai yiwuwa ne kawai. Wajen shekara goma sha ɗaya ko sha biyu yake iya lissafa rabon.

Saboda haka ba sai yaro ya je lakwal ba kafin a fara. Ga wasa biyu da za ku iya yi a tsakar gida.

Na farko: sa wake fari uku da ja ɗaya cikin ƴar jaka. Ka tambayi yaro wanne zai fito. Ya sa hannu ba tare da ya leƙa ba, ya ɗauko, ya duba, ya mayar, a girgiza. Kowace ɗauka ya ja layi a ƙasa, fari gefe guda, ja gefe guda. Ku yi sau 40. Fari zai fito wajen sau 30, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan. Sa'an nan ka tambaye shi: ja yana iya fitowa? Yana iya. Baƙi fa? Ba ya iya, don babu shi a jakar. In duka waken farare ne fa? Dole fari ya fito. Ya koyi kalma uku ke nan: dole, mai yiwuwa, da wanda ba ya yiwuwa.

Na biyu: ku jefa dala biyar ta ƙarfe sau 100 kuna ƙirgawa. Wani lokaci gefe ɗaya zai fito sau huɗu ko biyar a jere. Yaro zai ce yanzu kam dole ɗayan ya fito. Ka nuna masa kuɗi ba su tuna jifar da ta wuce. Wannan zato shi ne yake zaunar da ɗan caca har ya sayar da akuyarsa, yana cewa sa'arsa ta kusa.

Amfanin abin

Manomi ma cikin wannan lissafi yake. Ba wanda ya san yadda damanar bana za ta kasance. Amma wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san cewa cikin shekaru masu yawa, wasu sai sun zo da ƙarancin ruwa. Shi ya sa magabata suka yi rumbun tsimi. Yaron da ya ƙirga wake da hannunsa zai gane dalilin ajiya, kuma mai caca a bakin kasuwa ba zai ruɗe shi da sauƙi ba. Gani ya kori ji. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.