Daga Zabira Zuwa Ɗakin Fiɗa: Tarihin Ilmin Ƙirar Jiki da Ƙarin Karatun Likitoci a Birtaniya

Gabatarwa

A asibitocin Birtaniya akwai wata al'ada wadda takan ɗaure wa baƙo kai. Ɗalibi yakan yi shekara 5 ko 6 a jami'a kafin a fara kiransa Dokta. Idan ya zaɓi aikin fiɗa, sai ya sake duƙufa a kan littafi da ɗakin gawa, ya zauna jarrabawar kwalejin likitocin fiɗa. Ranar da ya ci kuwa sai ya ajiye sunan Dokta, a koma kiransa Mista kamar kowane mutum a titi, shi kuma yana alfahari da haka. Ruwa ba ya tsami banza. Asalin al'adar shi ne, a zamanin da, mai fiɗa ba ɗan jami'a ba ne, ɗan sana'a ne, wanzami ne mai yawo da kayan aikinsa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin sawun hanyar da wanzamin nan ya bi har ya zama masani. Za a ga cewa sanin abin da ke ƙarƙashin fata ne ya ɗaukaka shi, watau ilmin ƙirar jiki, wanda Larabawa ke kira tashrihi. Za a ga kuma yadda ilmin nan ya haɗa likitan mutane da na haƙori da na dabbobi a inuwa guda, da irin tsadar da aka biya kafin a same shi.

Gadon Magabata

Fiye da shekara 1,300 likitoci suna dogara da littattafan Jalinusu, wanda aka haifa a wajejen shekara ta 129 Miladiyya. Jalinusu gwani ne, amma birai da aladu da shanu ya feɗe, sa'an nan ya ƙiyasta jikin mutum a kansu. Saboda haka ya koyar da cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne, kuma akwai 'yan kafofi a bangon da ya raba zuciya biyu, ta nan jini ke ratsawa.

Malaman ƙasashen Musulmi sun karanta shi, sun kuma yi masa gyara. Abdullaɗif al-Bagdadi ya duba tarin ƙasusuwan mutanen da yunwa ta kashe a Masar a wajejen 1200, ya tarar muƙamuƙin ƙashi ɗaya ne. Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya musanta kafofin nan na zuciya, ya ce jini ta huhu yake zagayawa. Tun kafin su, Abul Ƙasim al-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a wajejen 1013, ya keɓe kashi na 30 na littafinsa Al-Tasrif ga aikin fiɗa, da zanen kayan aiki kusan 200, ya kuma gargaɗi almajiransa cewa wanda ya ɗauki wuƙa bai san jijiyoyi da gaɓoɓi ba, kisa zai yi. An fassara wannan kashi zuwa Latin a ƙarni na 12, Turawa suka daɗe suna karatu da shi.

A 1543 Andreas Vesalius, malami a Jami'ar Paduwa ta Italiya, yana ɗan shekara 28, ya buga babban littafinsa na ƙirar jikin mutum. Kafin shi, malami kan zauna a kujera mai tsawo yana karanta Jalinusu, wanzami na ƙasa yana yanka. Vesalius ya sauko ya karɓi wuƙar da hannunsa. Gani ya kori ji.

Wanzamai da Gawar Shekara

Wanzamin Birtaniya na wancan zamani bai bambanta ƙwarai da wanzamin ƙasar Hausa ba. Yana aski, yana tsaga don fitar da jini, yana ƙaho, yana sakiya, yana cire haƙori. Likitan jami'a kuwa ya ɗauki taɓa jini a matsayin ƙasƙanci.

A ranar 1 ga Yuli 1505 majalisar birnin Edinbara, a ƙasar Sikotlan, ta ba ƙungiyar wanzamai da masu fiɗa takardar izni, Sarki James na 4 ya tabbatar da ita a 1506. Sharuɗɗan takardar abin lura ne. Ba a ɗaukar yaro koyon sana'a sai ya iya karatu da rubutu. Ba a yaye shi sai an jarraba shi a kan sassan jiki da jijiyoyin jini. Birni kuma zai ba ƙungiyar gawar mutum ɗaya da aka yanke wa hukuncin kisa kowace shekara, su yi karatu da ita, su kuma yi wa mai ita addu'a. A Landan, Sarki Henry na 8 ya haɗa wanzamai da masu fiɗa a ƙungiya guda a 1540, ya ba su gawa 4 a shekara. Dokar ta hana mai fiɗa yin aski, ta kuma hana wanzami yin fiɗa, in ban da cire haƙori.

Zaman taren bai ɗore ba. A Edinbara an rabu a 1722, a Landan kuma a 1745. A 1800 ƙungiyar masu fiɗa ta Landan ta sami takardar sarki, ta zama kwaleji.

John Hunter: Gida Ɗaya, Ƙofa Uku

Mutumin da ya fi kowa mayar da sana'ar nan ilmi shi ne John Hunter, ɗan manomi daga Sikotlan, wanda ya rayu daga 1728 zuwa 1793. Bai yi nisa a makaranta ba. A 1748 ya tafi Landan ya taya wansa William aiki a makarantarsa ta feɗe gawa, a can hannunsa ya faɗa.

Hunter ya gane cewa ba a fahimtar jikin mutum shi kaɗai, sai an kwatanta shi da na sauran halittu. Ya feɗe kifi da tsuntsu da doki da giwa, ya tara samfuri kusan 14,000 daga irin halittu sama da 500. Amfanin wannan ya bayyana a 1785, sa'ad da aka kawo masa wani mai tuƙa keken doki da kumburin babbar jijiyar jini a bayan gwiwa. Maganin da aka saba shi ne yanke ƙafar, ko buɗe kumburin, abin da kan sa jini ya ƙare wa majinyaci. Hunter ya san cewa idan aka toshe babbar hanya, ƙananan jijiyoyi na gefe kan buɗe su ɗauki jinin. Sai ya ɗaure jijiyar can sama a cinya, inda take da lafiya. Mutumin ya tashi da ƙafarsa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta haƙori. A 1771 Hunter ya buga littafi a kan haƙoran mutum, ya rarraba su aji aji, na gaba da fiƙa da turame, ya bayyana yadda suke tsirowa a cikin muƙamuƙi. Da wannan cire haƙori ya fara samun tushe na ilmi.

Ƙofa ta uku ita ce ta dabbobi. Annobar bushiya, wadda makiyaya ba sa bukatar a yi musu bayaninta, ta yi wa shanun Turai ɓarna a ƙarni na 18, wannan na cikin dalilan da suka sa Faransa ta ba Claude Bourgelat izni a 1761 ya buɗe makarantar likitocin dabbobi ta farko a duniya, a birnin Liyon. Da aka kafa irinta a Landan a 1791, Hunter yana cikin manyan masu ɗaure mata gindi. A Edinbara kuwa, William Dick, ɗan maƙerin takalman dawaki, a ajin malamin ƙirar jikin mutum John Barclay ya zauna, kafin ya buɗe tasa makarantar a 1823. Daɗin daɗawa, almajirin Hunter ne, Edward Jenner, ya gano a 1796 cewa ƙurajen nonon saniya na kare mutum daga agana. Bayan rasuwar Hunter, gwamnati ta sayi tarin nasa a kan fam 15,000 a 1799, ta danƙa wa masu fiɗa na Landan.

Cinikin Gawa

To, amma ina aka sami gawarwakin? Nan ne tarihin ya yi duhu. Dokar 1752 ta ƙara yawan waɗanda ake feɗewa, ta ce duk wanda aka rataye saboda kisan kai za a iya miƙa shi ga masu fiɗa, don ƙarin azaba. Duk da haka ba su isa ba, domin ɗalibai sun kai ɗaruruwa. Sai aka sami 'yan tonon kabari, masu fita da dare su sayar wa malamai. Masu hali suka riƙa sa keji na ƙarfe a kan kabarin 'yan'uwansu, ko su ɗauki mai gadi. Talaka kuwa sai abin da ya gani.

Hunter kansa bai tsira daga wannan tabo ba. Charles Byrne, wani ɗan ƙasar Ailan mai tsawo fiye da ƙafa 7 da rabi, ya bar wasiyya a jefa gawarsa a teku don gudun wuƙar malamai. Da ya mutu a 1783, Hunter ya ba da kuɗi aka karkatar da gawar. Ƙwarangwal ɗinsa ya shafe kusan shekara 200 a gaban 'yan kallo, sai a 2023 masu kula da gidan tarihin kwalejin suka sanar cewa ba za a ƙara nuna shi ba.

Abin ya kai maƙura a Edinbara. A ƙarshen 1827 wani ɗan haya ya mutu a gidan William Hare ana binsa kuɗin ɗaki. Hare da abokinsa William Burke suka kai gawar makarantar Dokta Robert Knox, aka ba su fam 7 da sule 10. Da suka ɗanɗana, sai suka daina jiran ajali. A cikin 1828 suka kashe mutum 16, akasarinsu matalauta da baƙi da marasa gata. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo: an rataye Burke a ranar 28 ga Janairu 1829, aka feɗe shi a gaban jama'a, ƙasusuwansa suna Jami'ar Edinbara. Hare ya tsira domin ya ba da shaida, Knox kuwa ba a gurfanar da shi ba.

A 1832 Majalisa ta yi dokar da ta halatta ba makarantu gawar duk wanda ya mutu a asibiti ko gidan gajiyayyu, muddin ba wanda ya zo ɗaukarsa cikin awa 48. Tonon kabari ya mutu, amma hukuncin da a da ake yi wa mai kisan kai ya koma kan wanda laifinsa kawai talauci ne. Sai a ƙarni na 20 mutane da yawa suka riƙa ba da jikinsu da kansu, har dokar 2004 ta Ingila ta wajabta rubutaccen izni daga mai jikin tun yana da rai.

Jarrabawa ta Biyu

A 1843 kwalejin Landan ta sami sabuwar takarda, ta zama ta Ingila baki ɗaya, aka ƙirƙiro wani mataki sama da shaidar farko, wanda aka sani da haruffan FRCS. An zaɓi mutum 300 na farko ba tare da jarrabawa ba, a 1844 kuwa aka fara zama jarrabawar. Daga baya aka raba ta biyu, kashi na farko a kan ƙirar jiki da yadda sassansa ke aiki, na biyu a kan fiɗa kanta. Wannan shi ne tushen ƙarin karatu bayan digiri.

Lokaci ya nuna hikimar matakin. Kafin 1846 gwanintar mai fiɗa sauri ce, domin majinyaci idonsa biyu, ƙarti sun danne shi. A ranar 16 ga Oktoba 1846, a birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori, William Morton, ya nuna yadda ake sa majinyaci barci da tururin magani. A 1867 Joseph Lister ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a rauni. Da zafi da ruɓa suka ragu, sai wuƙa ta sami damar shiga ciki da ƙirji da ƙoƙon kai, wuraren da kuskuren da bai kai faɗin farce ba kan ɗauke rai. Ilmin ɗan digiri bai isa nan ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran ƙofofin biyu suka bi sahu. Likitocin dabbobi sun sami kwalejinsu a 1844, dokar 1881 kuma ta hana wanda ba shi da rajista kiran kansa da sunansu. Kwalejin masu fiɗa ta fara ba likitocin haƙori takardar shaida a 1860, ta buɗe musu sashen ƙwarewa a 1947. A 1911 Eleanor Davies-Colley ta zama mace ta farko da ta ci FRCS ta Ingila. A shekarun 1990 aka sauya tsarin, FRCS ta koma jarrabawar ƙarshen horo a fannin da likita ya zaɓa.

Wannan tsari ne Afirka ta Yamma ta gada ta hanyar mulkin Ingilishi. Samuel Manuwa na Nijeriya ya ci FRCS ta Edinbara a 1938. A 1960 masu fiɗa na yankin suka kafa ƙungiyarsu, wadda ta zama kwaleji daga baya, a 1979 kuma Nijeriya ta kafa tata kwalejin horar da likitoci bayan digiri, har da sashen haƙori, don kada ƙwarewa ta dogara ga ƙetare teku.

Kammalawa

Sharaɗin da birnin Edinbara ya gindaya a 1505 bai tsufa ba: kada hannu ya riga sani. Likitan da ke buɗe cikin mai naƙuda, da wanda ke gyara karyayyen muƙamuƙi, da wanda ke ciro maraƙi daga cikin saniya, duk a bakin teburi ɗaya suka fara. Amma takardar ta ƙunshi sharaɗi na biyu, wanda malaman ƙarni na 18 da na 19 suka manta, watau mai gawar nan mutum ne, yana da haƙƙi a kan masu karatu da shi. Ɗalibin da ya shiga ɗakin gawa don ƙarin karatu bashi biyu yake ɗauka, na majinyacin da zai kwanta a gabansa gobe, da na malamin nan da ke kwance a gabansa yau, wanda ba ya magana.