Kyakkyawan Fata Bayan Rasa Aiki: Nazari a Kan Tsofaffin Ma'aikatan Masaƙun Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ke riƙe ƙwarin guiwar magidanci bayan ya rasa aikin albashi, ta yi misali da ma'aikatan masaƙun Kaduna da aka rufe tsakanin 2002 da 2007. An ɗora nazarin a kan ra'in Marie Jahoda na ɓoyayyun fa'idojin aiki da ra'in C. R. Snyder na kyakkyawan fata. Maƙalar ta nuna cewa al'ummar Hausawa tana da ginshiƙan da ke tallafar wanda aka sallama, sai dai kunya da dogon jiran haƙƙoƙi kan hana shi cin moriyarsu.

Fitilun kalmomi: rashin aiki, kyakkyawan fata, masaƙa, mutunci, zumunci

1.0 Gabatarwa

A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, kudancin birnin Kaduna, zamanin Firimiya Sardauna Ahmadu Bello. Masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960, har saƙa ta zama masana'antar da ta fi kowacce ɗaukar ma'aikata a Nijeriya. Daga 1986, da shirin tsuke bakin aljihu ya karya darajar Naira, kayan gyaran inji da rini suka yi tsada. Ƙarancin lantarki, tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfa suka ƙara dagula al'amura. KTL ta daina aiki a 2002, UNTL a 2007. Dubban magidanta, Musulmi da Kirista, suka wayi gari babu wurin zuwa.

An yi rubuce-rubuce da dama a kan abin da ya durƙusar da masaƙun. Tambayar wannan maƙala ta shafi mutumin da aka rufe wa ƙofa: me ke sa wani ya miƙe, wani kuma ya karaya?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata da Ra'in Bincike

Nazarin Jahoda da Lazarsfeld da Zeisel (1933) ya dace da wannan batu matuƙa, domin shi ma a garin masaƙa aka yi shi. Marienthal ƙauye ne a ƙasar Ostiriya da masaƙarsa ta rufe wajen 1930. Manazartan sun lura cewa maza marasa aiki sun rage saurin tafiya a titi, sun daina kula da lokaci, kuma aron littattafai daga laburare ya ragu da kusan rabi duk da an soke kuɗin aro. Mata kuwa, da yake girki da wanki da reno ba su tsaya ba, yininsu bai wargaje ba.

Daga nan Jahoda (1982) ta fitar da ra'inta: ban da albashi, aiki yana ba mutum tsarin lokaci, cuɗanya da mutanen da ba iyalinsa ba, manufa ta tarayya, matsayi a idon jama'a, da abin yi kullum. Fryer (1986) ya ƙalubalance ta, ya ce talauci da kasa tsara gobe su ne asalin ciwon. Paul da Moser (2009), da suka tattara sakamakon ɗaruruwan bincike, sun sami matsalar damuwa ga kashi 34 cikin ɗari na marasa aiki, alhali kashi 16 ne ga masu aiki. Sun kuma nuna abin ya fi tsanani ga maza, da masu aikin ƙarfi, da mazauna ƙasashen da ba su da ingantaccen tallafin marasa aiki. Duka siffofin uku sun hau kan yawancin ma'aikatan Kakuri.

Snyder (1994) kuwa ya ce kyakkyawan fata yana tsayuwa ne da abu uku: buri bayyananne, hanyar kai wa gare shi, da ƙudurin bin hanyar.

3.0 Dabarun Bincike

Nazarin ya dogara ga rubutattun ayyukan masana, dokokin ƙwadago da fansho na Nijeriya, da abin da aka sani na tarihin masaƙun. An auna waɗannan da ɗabi'un zamantakewar Hausawa, musamman haƙuri da kunya da mutunci, waɗanda Kirk-Greene (1974) ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki.

4.0 Tattaunawa

4.1 Tsarin Yini

Ma'aikacin masaƙa ya saba da aikin karɓa-karɓa: ayarin safe, na rana, na dare. Ya san lokacin tashi, da lokacin da zai tura kekensa cikin cunkoson bakin ƙofa, da mai abincin da ke ba shi bashi zuwa ƙarshen wata. Ranar da aka rufe masaƙa, duk wannan ya tafi tare da albashin.

A nan mutumin Kakuri yana da abin da mutumin Marienthal ya rasa. Salloli biyar suna raba wa Musulmi yini, suna fitar da shi cikin jama'a tun asuba. Taron coci da ƙungiyoyinsa suna yi wa Kirista irin wannan amfani. Sai dai ibada tana yanka lokaci ne kawai, abin da za a zuba tsakanin Asuba da Azahar yana wuyan mai shi. Wanda ya ware safiya don neman aiki ko koyon sana'a, ya bar majalisa sai bayan La'asar, ya maido wa kansa fa'idoji biyu daga cikin biyar na Jahoda. Wanda ya shimfiɗa tabarma tun hantsi ya shiga abin da Hausawa ke kira zaman kashe wando.

4.2 Mutunci da Kunya

A gidan Bahaushe, kuɗin cefane da maigida ke ajiyewa da safe suna cikin ma'aunin girmansa. Shi ya sa wani da aka sallama kan ci gaba da goge riga, ya sa hula, ya fita a lokacin da ya saba, ya yini a gindin bishiya nesa da unguwa, don kada maƙwabta su gane. Yana kare mutuncinsa ne, amma yana toshe wa kansa hanya. Granovetter (1973) ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa ta bakin sanayya ta nesa, irin tsohon abokin aiki ko wanda ake haɗuwa da shi jefi-jefi, domin na kusa abin da ka sani shi suka sani. Wanda ya ɓoye halinsa ba wanda zai tuna da shi in gurbi ya samu. Zumunta a ƙafa take; halartar suna da ɗaurin aure da ta'aziyya a irin wannan lokaci neman mafita ne kai tsaye.

Akwai kuma rawar mata. Hill (1969) ta bayyana yawan cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gida. Ƙosai, ƙuli-ƙuli, ɗinki da adashi kan riƙe tukunya a watannin farko. Magidancin da ya ɗauki wannan a matsayin rufin asiri, ya zauna da matarsa suka yi lissafi tare, ya fi samun natsuwar yin tunani a kan wanda ya ɗauke shi ƙasƙanci.

4.3 Fatan Jira da Fatan Motsi

Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna neman haƙƙoƙinsu na sallama, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Neman haƙƙi wajibi ne, kuma yin sa a ƙungiyance yana ba mutum manufa ta tarayya. Matsalar ita ce ranar biya ba a hannun ma'aikaci take ba. A ma'aunin Snyder, wanda ya rataya rayuwarsa duka a kan "in an biya mu" ko "in an sake buɗewa" yana da buri, amma hanyar ba tasa ba ce, don haka kowane alkawarin da aka saɓa sai ya zaftare masa ƙuduri.

Fatan motsi yana farawa da ƙaramin burin da ke hannun mutum. Mai gyaran injin saƙa ya san lantarki da ƙarfe. Zai iya komawa gyaran injin niƙa ko janareta. Mai rini da mai lissafin sito su ma suna da abin sayarwa. Mai gonar gado yana da damina. Shirin horar da masu neman aiki da Jami'ar Mishigan ta gwada a Amurka (Caplan da abokansa, 1989) ya koya wa mahalarta su sa ran za a ƙi su, su tanadi mataki na gaba tun kafin hakan ta faru. Waɗanda suka samu horon sun fi saurin komawa aiki. Wannan bai saɓa wa tawakkali ba, domin malamai sun daɗe suna karantar da cewa dogaro ga Allah yana tafiya tare da riƙo da sababi.

4.4 Iyakar Ƙarfafa Guiwa

Hujjar Fryer tana nan daram: nasiha ba ta biyan kuɗin haya. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai kamfani sanar da ƙungiyar ma'aikata kafin rage ma'aikata, da tattauna kuɗin sallama. Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire har kashi 25 cikin ɗari na asusunsa, in ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Sanin waɗannan haƙƙoƙi da samunsu a kan kari na iya zama jarin farko.

5.0 Sakamakon Bincike

Nazarin ya fito da abu huɗu. Na ɗaya, ibada da zumunci suna rage wargajewar yini, amma ba sa cike gurbin sana'a. Na biyu, ɓoye rashin aiki saboda kunya yana tsawaita shi. Na uku, fatan da aka ɗora a kan abin da mutum zai iya yi da hannunsa ya fi ɗorewa. Na huɗu, jinkirta haƙƙoƙin sallama yana cutar da lafiyar zuciya, ba aljihu kaɗai ba.

6.0 Kammalawa

Ƙwarin guiwa bayan rasa aiki abu ne da ake ginawa da tsarin yini, da mutane, da ƙaramin jari. Ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su riƙa horar da mambobinsu sana'a ta biyu tun suna bakin aiki, limamai da fastoci su yaƙi tsangwamar wanda aka sallama, manazarta kuma su je Kakuri su ji daga bakin tsofaffin ma'aikatan tun suna raye. Hukumomi da masu kamfanoni kuwa, su biya ma'aikaci haƙƙinsa a ranar da suka sallame shi.