Dokin Ruwan Sikotlan da Uwar Kogin Kwara

Mutanen tsibiran yammacin Sikotlan, irin su Skye da Barra, sun daɗe suna jan kunnen 'ya'yansu da labarin wani doki da ke fitowa daga tafki. Kyakkyawa ne, yana kiwo a bakin ruwa kamar ba shi da mai shi. Yaro ya haye bayansa, sai jikinsa ya manne da fatar dokin, shi kuwa ya zabura ya nutse da shi. Washegari hanta kaɗai ake tsinta a gaɓa. A tsibirin Raasay an ce wani maƙeri da aka cinye wa 'ya ya ƙera manyan ƙugiyoyi, ya gasa tunkiya har ƙamshi ya jawo dokin, ya halaka shi. Irin waɗannan labarai ne John Francis Campbell ya bi ƙauyuka yana tattarawa, ya fara buga su a 1860.

A ƙasar Bagudo, daga Lafagu zuwa Illo da Lolo inda Kwara ke shigowa Najeriya ta iyakar Benin, ruwa ma yana da masu shi. Sai dai Sarkawa, masuntan da asalinsu ya tuke ga Sorko na ƙasar Songhai, ba su ɗauki mai ruwa abokin gaba ba. Kakansu na almara, Faran Maka Bote, an ce uwarsa aljanar ruwa ce. Wanda ya ɗauki kogi a matsayin dangin uwa kuwa, da ladabi yake shigarsa.

Babbar mai kogin a wajen Zabarmawa da Dandawa ita ce Harakoy Dikko. Jean Rouch, Bafaranshen da ya bi Kwara a kwalekwale tsakanin 1946 da 1947, ya koma ya ɗauki fim ɗin farautar dorina a yankin Ayorou na Nijar. A ciki, kafin a wasa zago ko a tura jirgi, sai an yi kiɗa, iska ta hau dokinta, wato mutumin da take magana ta bakinsa, masunta su durƙusa su nemi izini. Dorinar da ake nema kuwa ba almara ba ce. Har gobe tana kifar da jirage a wajen Yawuri.

Malamai sun yi wa'azi a kan wannan al'ada, sun kira ta shirka, kuma yawancin masunta sun bar ta. Abin da ke damuna shi ne ilimin da ya bi ta ya tafi. Tsohon Basarke ya san gurbin da ba a jefa taru, da watan da dorina ke da ɗa ba ta son a matso, kuma a cikin labarin aljanu yake naɗe wannan sani ya miƙa wa yaro. Dam ɗin Kainji da aka kammala a 1968 ya sauya tafiyar ruwan daga Yawuri zuwa ƙasa, injin jirgi ya kori filafili, samari suna tuƙa kaya zuwa Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin ba tare da sun zauna gaban tsofaffin ba. Waɗanda suka ga kogin kafin dam ɗin yanzu sun haura shekara 60.