Daga Makuba zuwa Labule: Tarihin Adon Bango a Dambam da Kewayenta

Adon bango a Dambam da garuruwan tsohon yankin Katagum ya taso ne daga hannu biyu, na magini da na matar gida. Magini yana sa adonsa a jikin ginin, ya zauna daram har ranar da bangon zai faɗi. Matar gida kuwa tana jera nata ne a gaban bangon ko ta rataya, ta yadda za a iya sauke shi a ɗaure a kai wani wuri. Abin da ɗan haya yake yi wa ɗakinsa yau a Dambam ko Azare ya fi kusa da na biyun.

Dambam tana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Azare ta nufi Potiskum da Maiduguri. Gari ne da Fulani da Karekare da Barebari da Hausawa suka daɗe da cuɗanya, kuma ta yi sarautar kanta kafin Turawa su haɗe ta da Misau a 1915. Shekara guda bayan haka, a 1916, aka ɗauke fadar Katagum zuwa Azare. A wancan zamani ginin soro na masu sarauta ne da attajirai da manyan malamai. Talaka a ƙauye ɗakin ciyawa gare shi da dangar kara ko zana, saboda haka zancen zanen bango bai taso masa ba.

Inda aka yi ginin ƙasa, tubali ake jerawa a yaɓe, a yi rufi da azarar giginya. Daga nan sai shafe, wanda shi ne kariya kuma shi ne kwalliya. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba, ruwa mai duhun ja da ake shafa wa bango da daɓe don su yi ƙarfi su yi sheƙi. Mai hali yana sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, domin ruwan sama ba ya ratsa shi. Cikin ɗaki kuma a shafe shi da farar ƙasa. Zane yana zuwa ne tun shafen yana ɗanye: magini ya bi da yatsunsa ya ja layuka, ko ya tara ƙasa ya fitar da dagi da takobi a fuskar zaure, ya kafa zankwaye a kusurwoyin soro. Gwanintar wannan aiki ta kai ƙololuwa a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda kuma ake jingina masa ginin gidan Madaki a Kafin Madaki cikin ƙasar Bauci. A ƙarni na 20 magina a Zariya da Kano sun riƙa saka keke da mota da agogo cikin zanensu. Fuskar zaure ta zama sanarwa ce ga mai wucewa cewa mai gidan nan ya samu.

Yawancin wannan a waje ne, ɓangaren maza. Adon cikin gida jere ne, kuma tarihinsa ya fi tsawo a bakin mata fiye da a littafi. Kafin a kai amarya, 'yan jere daga danginta sukan riga ta zuwa ɗakin su shirya kayan da iyayenta suka tara, wani lokaci tun tana ƙarama. Da farko ƙorai ne masu zane, a jera su babba a ƙasa ƙarami a sama, da faifai masu launi a rataye, da tasoshin tagulla ga wadda gidansu ke da ƙarfi. Matan Fulani sun yi suna wajen jeren ƙwarya, har yau ma a rugage ba a daina ba. Da kantunan Turawa suka cika kasuwanni da kwanukan fenti masu furanni, sai kwano ya ture ƙwarya: langa da fanteka da kwalla suka hau juna tun daga ƙasa har kusa da rufi. A wasu ɗakunan har liƙa ƙananan faranti ake yi a jikin bango da ɗanyar ƙasa. Yawancin kwanukan nan ba a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba. Dukiya ce ta matar, shaidar gatanta a gaban kishiya da dangin miji, kuma idan wata larura ta taso ana iya zare ɗaya a kai kasuwa. Ɗaki na miji ne, kayan ɗaki nata ne. In aure ya mutu, danginta su zo su kwashe, a bar bango tsirara kamar yadda aka same shi.

Siminti ne ya kashe kasuwar makuba. Ƙarin albashin Udoji da ma'aikata suka karɓa a tsakiyar shekarun 1970, da ƙirƙiro Jihar Bauci a 1976, da fara aikin kamfanin siminti na Ashaka a 1979, duk sun zo a jere. Bulo da kwanon rufi suka zama abin yayi. Bangon siminti ba ya karɓar zanen yatsa, sai fenti: mai ruwa a sama, mai mai daga ƙasa zuwa tsayin ƙirji inda yara ke shafa hannu. Marina suka ragu, katsi ya yi wuya, 'ya'yan magina suka koma birkiloli.

A daidai wannan lokaci haya ta yawaita. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma, 'yan sanda, da masu bautar ƙasa tun daga 1973, duk baƙi ne masu neman ɗaki ɗaya ko ciki da falo. Azare, da kwalejin horar da malamai, ta fi jan su, daga baya Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta ƙaro ma'aikata, jami'ar jiha da ke Gadau ta ƙaro ɗalibai. Dambam ta sami nata rabon daidai girmanta. Ɗan haya ba shi da ikon fasa bango, ba ya kuma son zuba kuɗi a ginin da sanarwar wata uku za ta iya raba shi da shi. Mai gida ma yakan yi ƙorafin ramukan ƙusa ranar tashi.

Abu na farko da ya rufe wannan bango shi ne takarda. Kalandar banki ko ta kamfani kyauta ake samunta, kuma ba a sauke ta don shekara ta ƙare. Masu talla a tasha da ranar kasuwa suna shimfiɗa hotunan Ka'aba da Masallacin Madina, na Shehu Ibrahim Inyass, na Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, har baƙo yakan gane ɗarikar mai ɗaki da jam'iyyarsa kafin a gama gaisawa. Ɗakin samari kuma taurarin fina-finan Indiya ne da 'yan ƙwallo, sannan daga shekarun 1990 'yan fim ɗin Hausa. Alhazai suna dawowa da darduma mai hoton Harami, wadda ba a sallah a kanta, rataya ta ake yi. Da wa'azi ya yi ƙarfi a kan hoton mai rai, gidaje da yawa suka sauke fuskoki suka ɗora firam mai Ayatul Kursiyyu ko sunayen Allah, da agogon bango a tsakiya.

Jere shi ma bai mutu ba, wuri ya canza. Kwanukan sun shiga kabad mai gilashi, tangaran ya maye gurbin kwano, daga baya kuloli da kayan girki suka koma kicin. Abin da ya gaji aikin rufe bango a ɗakin amarya shi ne labule. Ana sayo yadin a kasuwar Azare ko Potiskum, mai sari kuma ya je Kantin Kwari a Kano, tela ya ɗinke, a ɗaure waya ko a kafa ƙarfe daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙusa huɗu ko shida sun isa a ɓoye tsagewa da tabon yoyon damina gaba ɗaya. Aibinsa shi ne ƙurar hunturu da sauro da ke maƙalewa a bayansa, don haka sai an riƙa saukewa ana wankewa.

Hotunan da ake gani a wayar hannu sun kawo sabon yayi: takardar bango mai gam a bayanta, sitika, furannin roba da ƙananan fitilu masu launi, yawancinsu daga Sin. Takardar ba ta jure bango mai danshi ko mai farar ƙasa, kuma wajen ɓarewa takan taho da fenti, abin da ke jawo rigima da mai gida. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗin fenti da na yadi suka tashi, masu ƙaramin ƙarfi suka koma fente bango ɗaya kawai, wanda ke fuskantar ƙofa, su bar sauran ukun. Faifai da ƙwarya mai zane, da aka ɗauka kayan ƙauye ne shekaru arba'in da suka wuce, sun sake hawa bango a falon ma'aikata, kuma matan karkara da ke saƙa faifan suna kawo su kasuwannin Dambam da Dagauda a farashin da bai kai na galan ɗin fenti ba.